Baƙin rami da rukunin galaksin da ke ciyar da shi

Masuntan Yelwa da Wara da ke kwana a kan tafkin Kainji sun san Kaza da 'Ya'yanta sarai, musamman da hunturu, lokacin da takan haura kusan tsakiyar sama bayan isha'i. Arewa da ita kaɗan, a sashen da masana ke kira Perseus, akwai wani abu da ido ba ya iya gani: rukunin galaksi dubbai, kowace galaksi ɗauke da biliyoyin taurari. Haskensu kan yi tafiyar shekara kusan miliyan 240 kafin ya iso mu.

A tsakiyar rukunin akwai babbar galaksi mai suna NGC 1275, a cibiyarta kuma wani ƙaton baƙin rami, wato wurin da nauyi ya cunkushe har haske ma in ya faɗa ba ya fitowa. Tamu galaksin tana da nata, mai nauyin rana miliyan 4. Na galaksin M87, wanda aka nuna wa duniya hotonsa a Afrilun 2019, ya kai nauyin rana biliyan 6.5. Shi ma yana zaune ne a tsakiyar wani rukuni, Virgo.

Me ya sa ramuka mafiya girma sukan kasance a tsakiyar rukuni? Sararin da ke tsakanin galaksi ba fanko ba ne. Cike yake da iskar gas mai zafin digiri miliyoyi, wadda nauyinta ya fi na taurarin rukunin gaba ɗaya. Duk sa'ad da ta ɗan huce sai ta gangara tsakiya, ramin ya samu abinci. Haka kuma galaksi kan ci karo su haɗe, ramukansu su ma su dunƙule. Bincike ya nuna cewa sau da yawa rukunin da iskarsa ta fi zafi, ramin tsakiyarsa ya fi nauyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ramin ba ya cin abincin nan babu iyaka. Yana haɗiya, yana feso wani ɓangare waje da gudu kusa da na haske, feshin ya sake dumama iskar, abinci ya ragu. In ta huce, a koma farko. Kamar mai suyar kifi ce a bakin kasuwar Yauri: wuta ta yi yawa ta janye itace, ta lafa ta tura shi. A 2003 tauraron ɗan'adam na Chandra ya nuna wa Andrew Fabian na Jami'ar Kambrij da abokan aikinsa manyan kumfa da igiyoyi a cikin iskar Perseus, sawun wannan feshi. Ba don shi ba, da iskar ta huce sosai ta haifi taurari fiye da kima, kamar yadda ake gani a rukunin Phoenix, inda ake samun sababbin taurari ɗaruruwa a shekara.

Ƙauyukan Ngaski da Shanga suna da duhun dare mai kyau don kallon sama, abin da manyan birane suka rasa. Ya kamata jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi su riƙa kai madubin hangen taurari makarantun sakandaren wannan yanki, ko da sau ɗaya ne a zango, yara su leƙa da idonsu.