Hanjin Kifin Challawa Abincin Kaji Ne

Duk mai kiwon kaji a Karaye ko Rogo ya san inda kuɗinsa ke tafiya: buhun abinci. Masara da dusa muna da su a gida. Abin da ke tsada shi ne mai gina jikin kaza, wato waken suya, ƙuli-ƙuli da garin kifi.

A bakin teku, kamfanonin da ke gyara jatan lande don kai wa Turai sukan cire kai da ɓawo, kuma wannan ya kai kusan rabin nauyin abin da aka kamo. A da zubarwa ake yi. Yanzu a ƙasashe irin su Indiya da Tailan ana dafa shi, a busar, a niƙa, ya zama gari mai ɗauke da sinadarin gina jiki kusan kashi 40 cikin 100. Sai dai ɓawon yana da tauri, cikin kaza ba ya narkar da shi sosai, don haka kaɗan ake zubawa.

Mu ba mu da teku, amma muna da madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992. Na sha tsayawa inda mata ke gyaran tarwaɗa da karfasa kafin suya ko banda, ina kallon hanji da kawuna da ƙaya suna tafiya bola, ƙudaje na biki. Raina yana ɓaci, domin irin wannan ne muke saya da tsada a buhu a matsayin garin kifi. Haka ma burbuɗin kirifish ɗin da ake kawowa daga kudu, wanda ke saura a gindin buhun 'yan kasuwa.

Aikin ba wuya, amma ba ya son ganganci. A tafasa tarkacen kifin ran da aka yanka shi, a tsiyaye ruwa da mai, a shanya a kan leda ko kwano, ba a ƙasa ba, har sai ya bushe ƙayau yana karyewa a hannu, sannan a kai inji. Wanda ya yi ɗoyi ko fumfuna a binne shi, zai kashe kaji. Na kirifish kuma a kula da gishiri da yashi. In aka cika wa kaji masu ƙwai garin, ƙwan zai yi ƙarni; kwano ɗaya cikin ashirin na abincin ya isa.

Ina kira ga ƙungiyoyin masunta da na mata masu suyar kifi a Karaye da su ajiye ganga da wurin shanya a bakin ruwa. Masu kaji har daga Rogo za su zo saya.