Lambar P0705: Yadda Ake Gano Laifin Sensar Giya

Wannan takarda ta shafi motoci masu giyar otomatik, irin waɗanda suke shigowa Garwa na hannu daga Turai. Manufa ita ce ɗalibi ya ga yadda ake bayyana aikin fasaha daki-daki da Hausa.

A gefen akwatin giya akwai wata 'yar na'ura da makanikai suke kira sensa. Aikinta shi ne gaya wa kwamfutar mota inda direba ya ajiye sandar giya: fakin, ribas, firi ko tafiya, wato P, R, N da D. Ita ce kuma take hana mota tashi sai a fakin ko firi, ita take kunna fitilar ribas. In saƙonta ya ruɗe, sai a ga mota ta ƙi tashi a fakin amma ta tashi a firi, ko fitilar ribas ta ɗauke, ko mota ta maƙale a giya ɗaya. Idan aka jona na'urar bincike a soket mai ƙafa 16 da yake ƙarƙashin sitiyari, sai lambar P0705 ta fito. Wannan tsarin lambobi ya zama dole a Amurka tun 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur.

A nan ne ake yawan yin kuskure, kuma kuskuren na fassara ne. Lambar ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi akwai laifi a da'irar lantarkin, wato hanyar da wuta take bi gaba ɗaya: fiyus, waya, soket, sensa, har zuwa kwamfuta. Wanda ya fahimce ta da "sensa ta lalace" zai sa mai mota sayen abin da ba ya bukata, wani ma har ya sa a sauke akwatin giya lafiyayye.

A ɗauki motar da ta taso daga Rai Buba da damina. Ta keta taɓo da ruwa kafin ta hau kwalta, sensar kuwa a ƙasa take. Saboda haka abin da za a fara dubawa shi ne soket: a zare shi, a ga ko ruwa ya shiga, ko ƙafafunsa sun yi kore. A bi waya a duba inda ta goge ko ta tsinke. Sannan a duba igiyar da ta haɗa sanda da akwatin giya, domin in ta saki, sanda tana D alhali sensa tana tsakanin N da D.

Sai bayan haka za a ɗauko mita. A tabbatar wutar batir, kusan bolt 12, tana isa sensa. A riƙa matsar da sanda, kowane matsayi ya ba da wuta a wayarsa. Wanda ya yi shiru, ko biyu suka amsa tare, to laifin na sensa ne. A motocin Toyota da yawa akwai layi a jikinta da ake saita shi da sanda tana N; wani lokaci sassauta kusoshi biyu a daidaita layin ya wadatar.