Gashin Zabon Da Muke Zubarwa A Nima, A Kenya Sana'a Ce

Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, na tsaya wajen masu fige kaji ina jiran tawa, sai na ga wani tsohon ɗalibina yana share gashin zabi zuwa kwata. Yaron nan ya gama JHS, hannunsa ya iya ɗinkin hula, amma aiki babu. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin a wata ƙasar wannan sharar kuɗi ce.

Akwai wani ƙwaron ruwa mai kama da shinge, da fiffike a tsaye da siririyar jela biyu ko uku. Yakan yi watanni a ƙarƙashin ruwa, amma in ya fito ya yi fiffike, da wuya ya wuce kwana ɗaya ko biyu. Danginsa na nan a tafkin Volta, cikin itatuwan da ruwa ya cinye bayan gina dam ɗin Akosombo. A kogunan duwatsu masu sanyi kuwa, shi ne abincin kifin da Turawa ke kira turawut.

To, masu fatsa a can ba tana suke sa wa ƙugiya ba, ƙwaron suke kwaikwaya. Za a danne ƙugiya a matsi, a naɗa mata zare, a ɗaura silin gashi uku su zama jela, a yi jiki da gashin zomo, sannan a kewaya gashin wuyan zakara don ta yi iyo a saman ruwa. In girma ko launi ya saɓa, kifin ko kallo ba zai yi ba.

A 1905 Ewart Grogan ya kai wannan kifi Kenya, aka zuba a kogin Gura na tsaunukan Aberdare. Yau 'yan Kenya na ɗaura irin waɗannan ƙwari da hannu, ana sayarwa Amurka da Ingila.

Mu ba mu da turawut, ruwanmu ya yi ɗumi. Amma mai saya ba ya tambayar kogin garinku, kyan ɗauri yake dubawa. Haƙuri da kaifin ido kuwa, duk wanda ya ga aikin wuyan babbar riga a Maamobi ya san muna da su. Na sayi ƙugiya da zare, na ce wa yaron ya tara mini gashin Laraba mai zuwa. Za mu koya tare.