Kuɗin Mota a Birnin Kano: Ina Arha Ta Ke Ga Mutumin Gwarzo da Kabo?

Duk wanda ya ke aikin hukuma a ƙasar Gwarzo ko ta Kabo, malamin makaranta ne ko akawu, ya san ba shi da makawa sai ya shiga Kano. Yau a ce ana tantance ma'aikata, gobe a ce a kai takarda Ma'aikatar Ilmi a Gidan Murtala, jibi kuma ga majiyyaci za a kai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kuɗin motar da ta ɗauko mutum daga Gwarzo, ta biyo ta Garo da Rimin Gado da Janguza, har ta sauke shi Rijiyar Zaki ko Kabuga, wannan sananne ne, ana faɗinsa a tasha a gaban ɗan kamasho, kowa ya biya daidai da na kusa da shi. Abin da ke cinye guzurin baƙo shi ne zirga-zirgar cikin gari, domin kuɗinta ba su fita gaba ɗaya balle mutum ya ji zafinsu. Ɗari nan, ɗari biyu can, sai da la'asar ya laluba aljihu ya ga na komawa gida ma ya taɓu.

A zamanin En'e akawu ba ya wannan lissafi. A kan ba shi lamunin keke, a riƙa yanka a albashinsa, shi ke nan ya huta da kuɗin mota sai dai na faci. Birnin ma a lokacin ba shi da faɗin da ya ke da shi yanzu. Bayan haka aka yi zamanin tasi da bas-bas da a ke kira kiya-kiya da hayis, kana 'yan acaɓa suka cika gari. A shekarar 2005, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo babur mai ƙafa uku domin ɗaukar mata, aka sa masa sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, watau A Daidaita Sahu. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Tun daga ran nan a daidaita sahu ya zama jakin Kano, mace da namiji, malami da ɗalibi. Ranar da masu shi suka yi yajin aiki, kamar yadda suka yi a Fabrairu 2021 da kuma Janairu 2022, mutane sun ga tafiyar ƙasa da idonsu.

Sa'an nan ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Albashi mafi ƙanƙanta da Gwamnatin Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024 naira 71,000 ne. Wanda ya ɗora waɗannan lambobi biyu kusa da juna ya san dalilin da ya sa maganar hamsin da ɗari ta zama abin rubutawa a jarida.

To, a waɗansu biranen duniya, in an ce mutum ya zaɓi hanyar biya mafi arha, ana nufin ya zaɓa tsakanin tikiti da kati. A Landan an fito da katin Oyster a 2003, mutum ya zuba masa kuɗi ya riƙa taɓawa a bakin mota, in ya kai wani adadi a yini sai a daina cire masa, kome yawan hawan da ya ƙara. Daga 2014 ma bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi sam. A nan gida, Ikko ta fara manyan bas na BRT a 2008, ta kawo katin Cowry a 2020, kuma da aka janye tallafin mai gwamnatin jihar ta rage rabin kuɗin hawansu na wani lokaci daga watan Agusta 2023. Mai a daidaita sahu na Kano kuwa ba shi da kati, ba shi da tikitin wata, ba shi da farashi a rubuce. Ciniki ne tsakaninka da shi a bakin titi. Amma kada mai karatu ya ɗauka don haka babu zaɓi. Akwai, sai dai ba a rubuta shi a allo ba, mutum ne zai zauna ya fitar da shi da kansa.

Mu fara da tsaba, tun da ita ce a hannun kowa. Mutane suna zaton naira 200 ta tsaba naira 200 ce, alhali kuwa tsabar kanta yanzu sayenta a ke yi. Albashi banki ya ke shiga, a ƙauyukanmu kuwa mai POS shi ne banki. Mu ɗauka, a misali, yana cire naira 100 ga duk abin da bai wuce 5,000 ba. Wanda ya ciri 5,000 gaba ɗaya ya biya naira biyu bisa ɗari. Wanda kuwa ya ce shi mai tattali ne, ba ya son riƙe kuɗi da yawa kada ya kashe, ya riƙa cirar dubu ɗaiɗai sau biyar, ya biya 500, watau goma bisa ɗari. Ga shi ya yi tsimi, ga shi ya fi kowa hasara. Na'urar cirar kuɗi ta bankin da ba naka ba ita ma, bisa ga ƙa'idar da Babban Banki ya sa daga watan Maris 2025, naira 100 ce ga kowace 20,000, na bankinka kuwa ba a caji. Saboda haka wanda ya shigo birni, in bankinsa na kan hanya kuma na'urar na da kuɗi, gara ya ciri na wata guda a can. Waɗanda suka ga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da naira ta koma hajar sayarwa, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Abu na biyu game da tsaba shi ne canji, kuma a ganina nan ne ɓarna ta fi yawa, gama ba mai lura da ita. An yi ciniki a kan 150, ka miƙa 200, direba ya ce ba shi da hamsin, ga fasinja na jira, ga na baya na ta matsa ƙaho. Sai ka ce a bar shi, ka wuce. Malamin da haka ta same shi sau biyu a yini, a kwana 22 na aiki, ya bar naira 2,200 a titi, a shekara kuwa 26,400, fiye da sulusin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Ba na cewa direba ƙarya ya ke yi. Sau da yawa da gaske ba shi da ita, domin ƙananan takardun kuɗi sun yi wuya, kwabbai kuwa an daɗe da mantawa da su. Maganin abin dai shi ne mutum ya tanadi 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari tun daga gida. Mai shayi da mai kanti na garinku za su canza maka saboda sanayya, abin da ba mai yi maka a Kabuga.

Sai taransifa, wadda samari suka ɗauka ita ce wayewa. Tana da amfani, don ba ta buƙatar canji, kuma ba a yanke mata aljihu a cunkoson Kantin Kwari ko Sabon Gari. Amma a duba. Bisa ga ƙa'idar Babban Banki ta 2020, aika kuɗin da ba su wuce 5,000 ba zuwa wani banki naira 10 ne, da haraji ya zama 10.75. A kan kuɗin mota na 200 wannan ya haura biyar bisa ɗari. In kuwa da ƙaramar waya aka aika, ta hanyar danna lambobi, akwai wata 6.98 da aka ɗora tun 2021, jimla 17.73, kusan tara bisa ɗari ke nan. Waɗansu kamfanonin ajiya na waya su kan bar mutum ya aika kyauta ko da ragi, to wannan ya fi, muddin akwai data kuma sabis bai ɗauke ba. In ya ɗauke fa? An cire a wajenka, bai shiga wajensa ba, ga ku tsaye a bakin titi kuna jayayya, ƙarshe ka sake biya da tsaba ka koma jiran a mayar maka. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar taransifa ga kuɗi masu kauri, kamar na shata ko na wata, kuma a tambayi direba kafin a hau, domin ba kowanne ke karɓa ba.

Shata kuwa mutane na gudunta, suna cewa ta masu kuɗi ce. Ga mutum ɗaya haka ne, gama shi zai biya kujerun da ba kowa. Amma malamai ba su cika zuwa tantancewa ɗaiɗai ba, mota guda ta kan kwaso su daga Kabo. Mu ce daga inda aka sauke su zuwa ofishin da za su sai an hau sau biyu, 200 da 200, kowa 400, mutum uku 1,200. In suka haɗa baki suka yi ciniki da direba guda ya kai su kai tsaye a kan 1,000, sun rage 200, sun kuma tsira da rabin sa'ar da za su ɓata a tsakiyar hanya, wadda ita ce ta kan sa a tarar layi ya yi nisa, a ce a dawo gobe. Dawowa gobe kuwa kuɗin motar Gwarzo ne zuwa da komowa, ko kwana a gidan ɗan'uwa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Sharaɗin shata ɗaya ne: a yanke magana kafin a hau, a faɗi wurin sauka da sunansa, kuma mutum guda ya yi cinikin, sauran su yi shiru. Baƙon da ya fara da tambayar ina ne wuri kaza ya riga ya gaya wa direba shi baƙo ne. Tambayar hanya da farashi a wajen fasinjan da kuka zo tare a ke yinta, tun mota ba ta wuce Janguza ba.

Akwai kuma biyan wata, wanda ya fi kome kama da tikitin Turawa. Iyaye a birni sun saba da shi, su kan ɗauki mai a daidaita sahu ya riƙa kai yara makaranta yana ɗauko su. Ma'aikacin da aka yi wa canji zuwa birni, ko malamin da ya tafi ƙaro ilmi, shi ma yana iya yin haka. Wannan lissafi na kan so a ba ɗaliban kwalejin horon malamai shi a darasi, maimakon na famfon da ke cika randa, domin shi za su tarar a rayuwa. Mutum na biyan 400 a yini, zuwa da komowa. A kwana 22 ya kama 8,800. Direba ya ce a ba shi 7,000 a wata. Da ji an ce ragi ne na 1,800. Amma a raba 7,000 da 400, a sami 17 da rabi. Ma'ana, sai ka hau kwana 18 kafin ka fara cin riba. Watan da hutun makaranta ya faɗo, ko Salla, ko ka kwanta zazzaɓi mako guda, ko aka tura ka taro, kai ne da hasara. Akawun da ke zuwa ofis kullum biyan wata ya fi masa. Malamin makaranta kuwa, wanda shekararsa zango uku ce da hutu a tsakani, sai ya ƙulla yarjejeniyarsa bisa zango ko bisa mako, ba bisa watan kalanda ba.

A nan ya kamata a yi wa direba adalci. Mafi yawansu ba su ne masu abin hawan ba, akwai balas da za su kai wa mai shi kullum, ga mai, ga harajin hukuma, ga gyara. Wanda ya matse direba har ya karɓi abin da ba zai fisshe shi ba, ranar da mai ya tashi ba zai ƙara ganinsa a ƙofar gida ba, ya koma neman wani da kuɗin da ya riga ya bayar. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Abin da zai kawo sauƙi na sosai shi ne manyan bas masu farashi a rubuce da katin biya. A ƙarshen Nuwamba 2022 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanar da hana a daidaita sahu bin waɗansu manyan tituna, har da wanda ya tashi daga Tal'udu ya nufi Gwarzo, domin a ba bas hanya, amma da jama'a suka koka sai aka janye nan da nan. Kukan na da dalili, domin ba a raba mutum da abin hawansa kafin a wadata shi da madadi. Duk da haka hanyar Gwarzo, da Jami'ar Bayero a kanta da dubban ɗalibai da ma'aikata masu binta safe da yamma, tana cikin hanyoyin da tikitin mako ko na wata zai fi karɓuwa a kansu, kuma ta kati ne hukuma za ta iya yi wa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ragi ya isa hannunsu ba tare da ya maƙale a hanya ba.

Kafin a kai ga haka, wanda zai yi biyan wata ya rubuta abu huɗu a takarda, a gaban shaida ɗaya, ya fi kyau shaidar ya zama daga cikin shugabannin tashar da direban ke lodi: lokacin ɗauka da na komowa, abin da za a yi ranar da abin hawa ya lalace, yadda za a sake magana in farashin mai ya motsa, da yadda za a biya. Rabi a farkon wata, rabi a ƙarshensa. A rubuta lambar da ke jikin abin hawan, kowa ya riƙe kwafi guda.