Gargaɗi ga 'Yan Fanshon Gombe: Kada Ku Biya Kowa, Kada Ku Ba Kowa Lambar Sirri

Iyayenmu 'yan fansho, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka ajiye aiki, waɗanda ritaya ta ƙarato musu, da matan da ke bin haƙƙin mazajensu da suka rasu: wannan kira naku ne, kuma na gaggawa ne. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa da ido ya yi wa rauni.

Duk ranar da aka sanar a rediyo cewa za a biya wani rukuni na kuɗin sallama, 'yan damfara ma suna gindin rediyo. Sun san gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya, tun hawanta a 2019, ta tarar da bashin giratuti na biliyoyin naira, kuma tana biyansa rukuni-rukuni. Sun san akwai dattijon da ya yi shekaru yana jiran sunansa ya fito, har ya kai matsayin da zai ba da komai don a matso da shi gaba. Sun kuma san cewa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da a da zai gina gida yanzu da ƙyar yake sayen fili, saboda haka wanda aka biya ma hankalinsa ba a kwance yake ba, yana neman inda zai juya kuɗin su ƙaru. Gajiya da jira, da tsoron kada kuɗin su ƙare: ta waɗannan ƙofofi biyu suke shigowa.

Tarko na farko: kiran waya

Muryar za ta zo da ladabi. "Baba, barka da hutawa. Daga ofishin fansho muke kira. Sunanka ya fito, sai dai akwai 'yar matsala a BVN ɗinka. Yanzu za ka ga wasu lambobi sun shigo wayarka, karanto mana su mu gyara." Wani lokaci zai faɗi cikakken sunanka, da ma'aikatar da ka yi aiki, har da shekarar da ka yi ritaya. Kada wannan ya ruɗe ka. Irin waɗannan bayanai suna yawo a takardu da yawa, samunsu ba wuya.

Lambobin da suka shigo wayarka mabuɗin asusunka ne. Da zarar ka karanto su, kafin ka idar da sallar la'asar an kwashe abin da ka yi shekara 35 kana tarawa. Babu banki, babu kamfanin fansho, babu jami'in gwamnati da ke da hurumin tambayarka lambar sirrin katin ATM, ko lambobin da ke jikin katin, ko waɗanda ake turowa ta saƙon waya. Hukumar PTAD, mai kula da tsofaffin 'yan fanshon tarayya irin na reluwe da NITEL da gidan waya, ta sha nanata cewa ba ta karɓar ko sisi kafin ta biya mutum haƙƙinsa. Tsarinta na tabbatar da cewa ɗan fansho yana raye ma kyauta ne. Wanda duk ya kira ka da irin wannan magana, kashe wayar. Ba rashin kunya ba ne.

Tarko na biyu: mai tura fayil

Shi wannan ba ya ɓuya. Za ka same shi a bakin ofis ko a majalisar unguwa, yana cewa ya san wani a ciki, a ba shi na goro, ko a yi yarjejeniya a kan kashi goma cikin ɗari idan kuɗi sun fito. In sunanka ya fito bisa layi, ya ce aikinsa ne, ya zo karɓar rabonsa. In bai fito ba, ya ce a ƙaro, mutanen sama ba su ƙoshi ba. Ko ta wace fuska, shi ne da riba.

Fansho da giratuti ba alfarma ba ce. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare haƙƙin ma'aikacin jiha, sashe na 173 ya kare na ma'aikacin tarayya, kuma dukansu sun ce a riƙa duba fansho duk bayan shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Abin da doka ta ba ka, ba ka sayensa a hannun dillali. Ka tuna kuma cewa masu cin kuɗin tsofaffi ba duka ne ke yawo a ƙasa ba. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka taɓa ɗora wa aikin gyara harkar fansho, ɗaurin shekara takwas kan halasta kuɗin haram da suka kai kimanin naira biliyan biyu. Babbar riga da katin shaida ba su isa hujja ba.

Tarko na uku: kawo ɗari ka karɓi ɗari biyu

Wannan shi ya fi cin mutane, domin yawanci ta hannun wanda ka yarda da shi yake zuwa: tsohon abokin aiki, suruki, ko ɗan da ka haifa, wanda shi ma da zuciya ɗaya ya shiga. A 2016 MMM ta yi wa 'yan Najeriya alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata guda, a watan Disamba ta rufe asusun mutane. A Afrilun 2025 CBEX, da ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta durƙushe, har masu kuɗi suka fasa ofishinta a Ibadan suka kwashe kujeru. Shekara tara tsakani, salo ɗaya: kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, a kira shi riba, a sa su yi ta nuna alat a waya. Ranar da sababbi suka daina shigowa, shi ke nan.

A nan Arewa sukan yi wa abin ado da addini. Su ce kasuwancin halal ne, noma ne, kiwon kaji ne, sayen hatsi ne a ajiye. Tambayi duk wani ɗan kasuwar Tudun Hatsi ko akwai shekarar da ya san ribarsa tun kafin ya sayar. Kasuwancin gaskiya yana da riba, yana da faɗuwa. Wanda ya yanka maka riba tabbatacciya kowane wata, ya kuma ce ka kawo mutum biyu a ƙara maka, ba ɗan kasuwa ba ne. Hausawa sun riga sun faɗa: banza ba ta kai zomo kasuwa. Takardar rajistar kamfani ta CAC da suke nunawa ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Hukumar SEC ce ke ba da wannan izini, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirya irin wannan harka.

Tarko na huɗu: sayen aiki

Uba ya karɓi kuɗin sallama, ga ɗa ya gama Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, ya yi hidimar ƙasa, yana zaune a gida. Sai wani ya zo ya ce akwai gurbi a wata hukumar tarayya, a kawo miliyan kaza. Tausayin ɗa ya sa uba ya ɗebi rabin guzurinsa. Abin da ke biyo baya sananne ne: ko takardar bogi, ko a yi ta cewa a jira wata mai zuwa har lambar wayar ta daina shiga. Matsalar ta yi girman da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kanta a 2023. Kuma wanda ya biya ba ya iya kai ƙara da ƙarfin zuciya, domin shi ma ya ba da cin hanci.

Abin da za ku yi tun yau

1. Riƙe katin ATM ɗinka da lambar sirrinka a wurinka. In dole sai an taimaka maka, zaɓi mutum ɗaya tak, kuma ka sa a riƙa turo alat a wayar da ke hannunka. A wurin mai POS, kai za ka danna lambar da kanka, ka rufe da hannu.

2. In wayarka ta ɓata, ko layinka ya ɗauke haka kawai, je banki a ranar a toshe asusun, sannan ka nufi ofishin kamfanin layin. Kada ka bari sai gobe.

3. Duk wata magana ta fansho, taka da ƙafarka zuwa ofishin da abin ya shafa, ka tafi da ɗanka ko wakilin ƙungiyarku. Kada ka miƙa wa kowa ainihin takardar ɗaukarka aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, ko ta ritaya. Kwafi ake bayarwa.

4. Ma'aikatan tarayya da ke Asibitin Koyarwa na Tarayya, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da sauransu, waɗanda ke ƙarƙashin tsarin karo-karo: dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Duba asusunka ka tabbatar kuɗin suna shiga. In ka yi rajista kafin Yulin 2019, je kamfanin fanshonka a sabunta bayananka. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a fayil, a NIN da BVN, domin saɓanin harafi ɗaya yana iya tsayar da biya na watanni, kuma a irin wannan tsaiko ne dillali ke samun shiga.

5. Sanar da iyalinka inda takardunka suke, da sunan bankinka da kamfanin fanshonka. Ba kiran mutuwa ba ne. Matar mamaci da ba ta san inda za ta fara ba ita ce ta fi saurin faɗawa hannun macuta.

6. In kuɗin sun shigo, kada ka yi shela, kada ka yanke shawara a makon farko. Fara ware na asibiti. Hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda ba sa jiran a biya fansho. Je hukumar GoHealth ka tambayi tsarin inshorar lafiya da ya dace da kai da iyalinka. Abin da ya rage ka ajiye a banki mai lasisi, inda hukumar NDIC ke lamunce ajiya har naira miliyan biyar a bankunan kasuwanci.

7. In an riga an cuce ka, kada kunya ta rufe maka baki. Fara da bankinka nan take, sannan 'yan sanda ko ofishin EFCC na shiyya da ke nan Gombe. Ajiye lambar da ta kira ka, da saƙonnin, da shaidar tura kuɗi.

Kira ga shugabanni

Malamanmu limamai da fastoci, ku ba wannan magana minti biyar ranar Juma'a da ranar Lahadi. Masu unguwannin Jekadafari, Pantami, Bolari, Herwagana, Tudun Wada da Kumbiya-Kumbiya, kun san gidajen tsofaffin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ku aika musu. Ƙungiyar 'yan fansho da ta ƙwadago da ta malamai, ku sanya mutum a bakin ofis duk ranar tantancewa, wanda dattijo zai tambaya ba tare da ya biya ba. Gwamnati kuma ta sani cewa jinkiri da duhu su ne abincin dillali. A bayyana jerin sunaye da ranar biyan kowane rukuni a fili, a ƙananan hukumomi 11 duka, daga Nafada har Shongom, ta yadda babu wanda zai sayar wa tsoho labarin da ya kamata ya ji kyauta.

Ku kuma 'ya'ya da jikoki, yau ɗin nan ku zauna da Baba da Inna, ku faɗa musu abu biyu da bakinku: kada su biya kowa don a biya su, kada su karanta wa kowa lamba a waya. Allah Ya tsare mana iyayenmu, Ya sa su ci guminsu cikin lafiya da kwanciyar hankali.