Me Ya Sa Bidiyon da Muka Haɗa Ya Ƙi Fitowa a Talabijin?

Duk wanda ya halarci taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce ya ga abin da ya same mu. Mako uku muka kwashe muna haɗa bidiyon gasar wasannin makaranta: mun yanke, mun jera, mun sa sunaye da sauti. A waya yana tafiya sumul. Ranar taro muka zuba shi a filashi, muka soka a talabijin ɗin ɗakin taro, sai allo ya yi baƙi, ya rubuta mana cewa bai gane wannan fayil ba. Iyaye na zaune, janareta na shan mai, mu kuma muna ta danna rimot har gumi ya karyo mana. Haka aka tashi ba a kalli komai ba.

Bayan mun huce muka zauna da malamin kwamfuta muka bi diddigin matsalar. Ga abin da muka gano, domin kada wani ya sha irin kunyar da muka sha, a makaranta ko a gida ranar suna, biki ko walimar sauka.

Abu na farko da ya ruɗe mu shi ne sunan fayil ɗin ya ƙare da MP4, kuma talabijin ɗin yana karɓar MP4. Ashe MP4 ambulan ne kawai. A cikinsa akwai wasiƙu biyu, ta hoto da ta sauti, kuma kowacce da irin rubutun da aka yi ta da shi. Ku ɗauka an aiko wa mutum wasiƙa da Hausa, amma a rubutun ajami, shi kuwa boko kaɗai ya iya. Zai buɗe ambulan lafiya, karatun ne zai gagare shi. Hanyar da ake matse hoton bidiyo a rubuta shi ita ake kira kodek. Wadda kusan kowane talabijin mai ramin USB ya iya karantawa ita ce H.264, wadda ta fito a 2003. Akwai ƙanwarta H.265, da ake kuma kira HEVC, ta 2013. Ita ta fi iya matse bidiyo ya zama ƙarami, shi ya sa sababbin wayoyi ke son ta, amma tsofaffin talabijin da yawa ba su san ta ba. Namu bidiyon da ita aka fitar da shi.

Maganin yana wurin fitar da bidiyo bayan an gama tacewa. A duba zaɓin kodek a manhajar da ake aiki da ita, a zaɓi H.264. Mai iPhone zai iya shiga saitin kyamara, wajen Formats, ya zaɓi Most Compatible tun kafin ya fara ɗauka. Idan kuwa an riga an fitar da bidiyon, manhajar HandBrake ta kwamfuta kyauta ce, tana juya shi zuwa H.264. Canza sunan fayil da hannu ba ya gyara komai, sauya ambulan ne wasiƙar tana nan yadda take. Wani lokaci kuma hoto zai fito amma babu murya. Wannan wasiƙa ta biyu ce ta gagara, sai a sake fitar da sautin a tsarin AAC.

Abu na biyu shi ne girman hoto. Wayoyi da yawa yanzu suna ɗaukar 4K, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye. Talabijin ɗin da allonsa 1920 da 1080 ne yakan ƙi irin wannan fayil, ko ya riƙa tsayawa yana sarƙewa. A fitar da bidiyon a 1080 ko 720, da hoto 25 ko 30 a daƙiƙa. Tsohuwar na'urar DVD mai ramin filashi ta fi haka tsanani, domin yawanci ba ta wuce 720 da 576, kuma da yawansu fayil ɗin AVI suka fi ganewa. Sannan a riƙa kwantar da waya lokacin ɗauka. Allon talabijin a kwance yake, bidiyon da aka ɗauka a tsaye zai fito siriri a tsakiya, baƙi dama da hagu.

Abu na uku shi ne filashin kansa. Kowane filashi yana da tsarin da yake jera kaya a cikinsa. FAT32 shi ne wanda kusan kowane talabijin ke karantawa, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da filashin mai gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki. Masu son lissafi su gwada: bidiyon da ke cin megabit 8 a daƙiƙa zai ci megabait 60 a minti, wato gigabait 3.6 a awa ɗaya. Ke nan dogon bidiyon biki sai an raba shi kashi biyu ko an rage masa nauyi. Tsarin exFAT da NTFS suna ɗaukar manyan fayiloli, sai dai ba kowane talabijin ke gane su ba. A kula, sake tsara filashi yana goge duk abin da ke ciki, don haka a kwashe kaya tukuna.

Kada kuma a tura bidiyon ta WhatsApp a matsayin bidiyo sannan a kai shi talabijin. WhatsApp yana matse shi, abin da ya yi kyau a ƙaramin allon waya sai ya fito dishi-dishi a babban allo. A kwafa shi da waya zuwa kwamfuta, ko a soka filashi a wayar ta hanyar OTG.

Idan duk wannan ya gagara, akwai hanyar da ba ta cika ba da kunya ba: a kunna bidiyon a kwamfutar tafi-da-gidanka da manhajar VLC, a haɗa ta da talabijin da wayar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti tare. A nan kwamfutar ce ke karatun, talabijin nunawa kawai yake yi.

Babban kuskurenmu dai shi ne ba mu gwada ba. Da mun je ɗakin taro kwana ɗaya kafin ranar, da mun gano matsalar cikin minti biyu. A gwada bidiyo a kan ainihin talabijin ɗin da za a yi amfani da shi, a kalle shi daga farko har ƙarshe, a kuma riƙe kwafi na biyu a wani filashin.

Mun sake fitar da namu bidiyon, mun gwada, ya fito tas. In Allah ya yarda za a nuna shi a taro mai zuwa. Duk mai bidiyon da ya ƙi fitowa ya kawo filashinsa ranar zaman ƙungiya, mu duba tare.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta