Ciwon Hawa da Saukar Yanayin Rai: Bayani ga Majiyyaci da Iyalinsa

Ranar da likita ya shaida wa mutum cewa yana da ciwon da ake kira baifola, hankalinsa yakan tashi ƙwarai. Wani ya musanta, wani ya ji kunya, wani kuwa ya ɗauka rayuwarsa ta ƙare. Alhali kuwa sanin sunan ciwo shi ne matakin farko na samun sauƙi.

Baifola ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai fuska biyu. A lokacin hawa, majiyyaci yakan yi mako guda ko fiye cikin zumuɗi, da ƙarancin barci, da yawan surutu, da ɓarnar dukiya. A lokacin sauka kuwa, baƙin ciki mai tsanani yakan rufe shi mako biyu ko fiye, har ya kasa aiki. Galibi yakan fara ne a shekarun samartaka, kuma gado yana da hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke da shi a 2019. Ba sammu ba ne, ba kuwa raunin hali ba.

Ciwon yakan daɗe tare da mutum kamar ciwon sukari, amma magani yana sarrafa shi. Tun 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya gano amfanin litiyam. Mai shan litiyam lalle ne a riƙa auna jininsa, a kuma duba ƙodarsa. Gudawa, amai da ƙarancin ruwa a jiki suna iya sa maganin ya taru har ya yi illa, saboda haka ya nemi shawarar likita kafin azumi. Mace mai ciki, ko mai niyyar ɗaukarsa, ta sanar da likita, domin maganin balfurowet yana cutar da ɗan tayi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babban haɗari shi ne barin magani da zarar an ji sauƙi, gama nan ne ciwon ke komowa, ya ci aure, ya ci sana'a. Ya kamata majiyyaci ya tsare lokacin barcinsa, ya nisanci giya da wiwi, ya kuma koyi gane alamun farko, musamman raguwar barci.

Iyali su ne garkuwarsa. Kada su ɗaure shi, kada su doke shi, kada kuma su ɓoye shi. Addu'a ba ta hana shan magani. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti nan take.

Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri, Kware, Aro ta Abeokuta, Yaba, Inugu, Kalaba da Binin. Har wa yau, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin majiyyaci.

Wanda ya karɓi ciwonsa, ya riƙe maganinsa, yana iya yin karatu, ya yi aure, ya riƙe aikinsa kamar kowa.